Nana Asma'u 'Yar Shehu, Marainiyar Da Ta Zama Uwar Gari

 

'Yar'uwa mai karatu, na san da wuya a ce ba ki taɓa jin sunan Nana Asma'u ba. In ba ki yi karatu a makarantar da aka sa wa sunanta ba, to kin san wadda ta yi, ko kuma ma sunan da aka raɗa wa ɗiyarki ke nan. Abin da aka fi faɗa mana game da ita shi ne malama ce, marubuciya ce, kuma ɗiyar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ce. Duk haka ne. Sai dai akwai wani ɓangare na rayuwarta da masu wa'azi ba su cika tsayawa a kansa ba, alhali shi ya fi shafar ni da ke a cikin gidajenmu. Nana Asma'u ba ta tashi a gaban mahaifiyarta ba. A ɗakin abokan zaman uwarta ta girma, kuma da ta kawo ƙarfi sai ta ƙarar da rayuwarta wajen tallafar matan da yaƙi da mutuwa suka raba da nasu. Wannan ɓangaren nake so mu duba a wannan fitowa.

An haife ta a Degel, wani ƙauye da ke ƙasar Gwadabawa a Jihar Sakkwato ta yanzu, a shekarar 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da sai a ce mata Hassana ko Usaina, amma Shehu ya zaɓa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar (RA), wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ita ce matar Shehu ta fari, kuma 'yar'uwarsa ce, auren zumunci suka yi. Asma'u tana 'yar ƙarama, ko wayo ba ta yi ba, Allah Ya yi wa Maimuna rasuwa. Sai riƙonta ya koma hannun sauran matan Shehu, wato A'ishatu da Hauwa'u. Ita Hauwa'un ita ce mahaifiyar Muhammadu Bello.

To 'yar'uwa, tsaya a nan ki ɗan yi tunani. Ni da ke mun san abin da yakan sami ɗiyar kishiya idan uwarta ta mutu ta bar ta a gidan. Ita ce ta shara, ita ce ta wanke-wanke, ita ce ta ɗebo ruwa, ita ce ta farantin talla. In an raba tuwo ita ke da ƙanzo. 'Ya'yan ɗaki su saɓa jaka su tafi makaranta, ita kuwa a ce ta tsaya ta gama aiki tukuna, aikin da ba ya ƙarewa. A gidan Shehu ba haka aka yi ba. Allon da aka ba sauran yara shi aka ba ta, malaman da suka karantar da su su suka karantar da ita. Hujjata a nan ita ce irin shaƙuwar da ta ƙullu tsakaninta da Muhammadu Bello, wanda ya girme ta da kimanin shekara 12. Ba uwarsu ɗaya ba, amma tarihi ya nuna babu wanda ya fi kusa da shi a cikin 'ya'yan Shehu kamarta, har bayan ya zama Sarkin Musulmi yana shawara da ita, suna musayar rubutu. Ai kin san 'yan uba ba sa shaƙuwa irin haka sai in uwar ɗakin ba ta shuka gaba a zukatansu tun suna ƙanana ba. Shi ya sa duk lokacin da aka yabi Nana Asma'u nakan tuna waɗannan mata biyu, A'ishatu da Hauwa'u, waɗanda ba a sa wa makarantu sunansu, ba a kuma ambatonsu a taron lacca. Allah Ya saka masu da alheri.

Gidan da ta tashi kuwa gidan karatu ne gaba da baya. Shehu yana cikin malaman da suka tsaya tsayin daka a kan cewa karantar da mace wajibi ne, kuma a littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da suke tara ɗalibai a zaure suna koya masu ilimi alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata a cikin duhu. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tarihin Annabi (SAW) da sufanci. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye. Yayarta Khadija ma malama ce sananniya. Ki tuna fa a zamanin takarda kanta sai an ƙetaro da ita hamada a bayan raƙumi, littafi kuwa da hannu ake kwafarsa kalma bayan kalma.

Tana da kimanin shekara 11 rayuwa ta juya. A watan Fabrairun 1804 zaman jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya ƙi daɗi, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'a suka yi nasara. Amma kafin shekarar ta fita aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum kimanin 2,000, a cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Mu mata in mun ji irin wannan adadi ai ba mazan kaɗai muke ƙirgawa ba. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar mata a cikin takaba, ya bar yara, wataƙila ma da ciki. Ga yunwa, ga cuta, ga tafiyar ƙasa daga wannan zango zuwa wancan, har aka yada zango a Gwandu a 1805, can ma abokan gaba suka biyo su. Duk wannan a kan idon yarinya Asma'u aka yi shi. A Gwandu aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wajajen 1807. Shekara ɗaya bayan haka aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Daga nan aka zauna Sifawa, kana aka koma Sakkwato.

Shekarar 1817 ta zo mata da nauyi ƙwarai. A watan Afrilu Shehu ya rasu, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da abokin tagwaicinta Hassan ya bi bayansa. Tana da shekara 24 ta wayi gari babu uwa, babu uba, babu wanda suka kwanta ciki ɗaya. A cikin wannan shekara ce kuma aka haifi autan Shehu, Isa, wanda bai san mahaifinsa ba. Shi ma ba ɗan ɗakinsu ba ne, uwarsa daban. Asma'u ta jawo shi jikinta ta karantar da shi, kamar yadda aka yi mata. Wannan yaro shi ne ya zama Malam Isan Kware, mashahurin marubucin waƙoƙi, wanda ya mayar da yawancin waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Kin ga da ta yi masa kallon ɗan uba ta ƙyale shi, da Hausawa da dama ba su san abin da ta rubuta ba.

Da Bello ya zama Sarkin Musulmi sai Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Gidan Waziri kuwa ba ya rabo da baƙi, daga manzannin sarakuna sai malamai sai matafiya. Har Baturen nan na Ingila, Kilafaton, da ya zo Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya sauke shi ya kula da shi. Asma'u ta haifi 'ya'ya maza shida, ɗaya ya rasu yana jariri. Ga hidimar gida irin wannan, ga goyo, amma a 1820, tana da shekara 27, ta kammala littafinta Tanbihul Gafilina da Larabci. Ba ta ajiye alƙalami ba har tsufanta, kuma abin da ya iso gare mu na rubutunta ya kai kimanin 60. Ina faɗar wannan ne saboda 'yan'uwana da nakan ji suna cewa ai karatu ya wuce su tunda sun yi aure sun hayayyafa. Gaskiya ne kowa da irin halin gidanta, kuma ba kowane miji ne Giɗaɗo ba, domin shi ma malami ne marubuci. Amma dai a daina ɗora wa aure da haihuwa laifin.

Yanzu bari mu zo ga aikin da ya fi kowane ɗaukaka sunanta. Cin Alƙalawa bai kawo ƙarshen yaƙi ba. Mu Katsinawa mun san wannan, domin bayan Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina, tsofaffin sarakunan sun koma arewa suka kafa Maraɗi, aka yi ta kai wa juna hari shekara da shekaru. A 1836 aka yi babban yaƙin Gawakuke tsakanin Bello da Gobirawa da mataimakansu. Kowane yaƙi irin wannan yakan bar matan da mazansu suka mutu, da kamammun mata da yara waɗanda aka rabo da garuruwansu aka rarraba su gidajen da ba su san kowa ba. Yarinya ta girma a gidan da ba nasu ba, a aurar da ita, ta fara haihuwa babu uwa kusa, babu inna, babu gwaggo. Wa zai koya mata wankan tsarki? Wa zai faɗa mata hukuncin jinin biƙi? In ɗanta ya kwana yana zazzaɓi wa za ta tunkara? Wadda ke kusa da ita, mai sauraren kukanta, ita ce 'yar bori. Su 'yan bori kuwa suna da tsari, suna da shugabanci, a Gobir ma Inna, wadda take daga gidan sarauta, ita ce uwarsu.

Nana Asma'u ta fahimci cewa zagin bori daga kan buzu ba zai raba mata da shi ba matuƙar babu wani hannun da aka miƙa masu. Ta kuma san matan aure masu ƙananan yara ba za su iya barin ɗakunansu su taho Sakkwato ko Wurno karatu ba. Saboda haka, a tsakanin shekarun 1830 zuwa 1840, ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A kowane gari ko ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da amana, wadda ta wuce shekarun haihuwa, a naɗa ta jaji. Kalmar daga wajen fatake aka aro ta, wato mai jan ayari. Asma'u da kanta take naɗin, ta ɗora wa jaji malfa, ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Masu binciken tarihinta sun nuna cewa irin wannan malfa da Innar Gobir aka san ta. Wato sai ta ɗauki alamar da mata suka riga suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan mai koyar da alwala da salla. Wannan hikima ce da ya kamata masu da'awa a cikinmu su yi nazarinta.

Idan aikin gona ya ƙare, jaji sai ta tara ayarinta, tsofaffi irinta da 'yan matan da ba su isa aure ba, su kama hanya da ƙafa, wasu kwana da kwanaki, har gidan Asma'u. Matan auren da aka baro a gida su ma ba a bar su a baya ba, kowace takan ba da abin da Allah Ya hore mata a tafi da shi: wannan ta ba da hatsi, wannan man shanu, wannan zuma, wannan zaren da ta kaɗa da hannunta. In sun iso Asma'u takan karɓe su a ɗakinta, ta saurari matsalolin da suka zo da su, ta warware masu, ta koya masu karatu, ta dafa kan 'yan matan ta yi masu addu'a. Kayan da suka kawo kuwa ba ta tara su, raba su ake yi ga marasa lafiya da naƙasassu da mabuƙata. Ayari ya juya gida, jaji ta shiga gida gida tana isar wa matan kulle abin da ta koyo. Kuma aikinta bai tsaya a karatu ba. Ita ce mai sasanta rikici tsakanin mata, ita ce mai zama wurin mai naƙuda, ita ce mai wankan gawar mace, ita ce mai sa a tara wa wadda ta rasa. Babu albashi, babu ofis, babu mota. Lada kawai suke nema.

Littattafan makarantar su ne waƙoƙinta, domin ta san wadda ba ta iya karanta baƙi ba za ta iya haddace waƙa, ta rera ta tana daka ko tana kaɗi. Akwai Sunago, wadda ta jero sunayen surorin Alƙur'ani a cikinta. Akwai Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda ta kawo tarihin salihan mata tun daga matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa har zuwa matan da ta rayu da su a gidan mahaifinta. Akwai Godaben Gaskiya a kan hanyar tsira da sakamakon lahira. Ta mayar da waƙar Shehu ta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta kuma rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i, wanda ya taɓo har matsalolin ciki da haihuwa da ciwon yara, wato daidai wuraren da mata suke rugawa wajen boka. Tarihin hijira da yaƙoƙin da ta gani da idonta kuma ta zuba shi a waƙar da Hausawa suka sani da Waƙar Gewaye.

Abin da ya fi taɓa ni a rubutunta shi ne waƙoƙin ta'aziyya. Ta yi wa manya, kamar Bello da mijinta Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, wadda ba sarauniya ba ce ba kuma malama ba, ta yabe ta da kirki da haɗa kan dangi. Ta yi wa Zaharatu, mai taimakon mata wajen haihuwa da suturta mamata. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana kawo mata ayarin ɗalibai. Da aminiyarta A'ishatu matar Bello ta rasu a 1855, cikin abin da ta yabe ta da shi har da tsayuwa ga marayu da matan da suka rasa mazansu. Ki lura, mace mai matsayin da malamai daga nesa, har daga ƙasar Shingiɗi, suke musayar rubutu da ita, ita ce ta zauna ta ɓata takarda mai tsada don kada a manta da sunan ungozoma.

To mu dawo gida, 'yar'uwa. Halin da ya sa aka kafa 'Yan Taru bai yi nisa da halin da muke ciki a kudancin Katsina ba. Shekarun nan na 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, mata da yara suka watsu cikin Funtuwa da Malumfashi da garuruwan da ke kewaye, har da nan Dayi. A ƙasarmu ta Malumfashi ba za a manta da harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau ana sallar Asuba a watan Agustan 2025 ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Bayan an share makoki abin da ke biyowa kin san shi: a raba yara, wannan kawu ya ɗauka, wannan gwaggo, wannan a tura ta aikatau Kano, wannan kuma ta bi uwarta sabon gida a matsayin agola. Wannan ƙari ne a kan riƙon da muka saba da shi tun asali, na mutuwar aure da na zumunci.

Riƙo abu ne mai kyau, kuma da yawa a cikinmu an riƙe su tsakani da Allah. Shugabanmu (SAW) kansa maraya ne, ya sha nonon Halimatus Sa'adiyya, ya zauna hannun kakansa, sannan gidan baffansa Abu Ɗalib inda Faɗimatu bint Asad ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Kin kuma san irin kusancin da aka yi wa mai riƙon maraya alkawari a Aljanna. Shari'a ta gindaya ƙa'idoji: ba a canza wa yaro sunan ubansa, ba a cin dukiyarsa, kuma in ba shayarwa ko dangantakar jini ta haramta ba, 'yar riƙo ba muharramar mazan gidan ba ce idan ta balaga, dole a kiyaye ta. Wannan na ƙarshen ana sakaci da shi ƙwarai, kuma in ɓarna ta auku yarinyar ce ake kora.

Amma inda na fi son ki sa ido shi ne bayan an aurar da ita. A ganin mutane an sauke nauyi ke nan. A ajinmu na matan aure na Islamiyya nakan gane irin waɗannan tun ba su faɗa ba. Ita ce za ki ga ta fi kowa shiru, ba ta tambaya, in an ce a kawo littafi ba ta da mai saya mata. An kai ta ɗaki da ɗan abin da ya sawwaƙa, dangin miji suna yi mata gorin kayan ɗaki da gara. Haihuwar fari ta zo, sa'o'inta duk sun tafi wanka gida wurin iyayensu, ana dafa masu ruwa safe da yamma ana dama masu kunun kanwa har su yi arba'in. Ita kuwa gidan wa za ta? Wadda ta riƙe ta na iya cewa ba ta da hali, ko kuma ma ta mutu. In miji ya zalunce ta babu inda za ta kai ƙara, shi ma ya san haka, shi ya sa yake yi. Sannan ana so ta nuna wa jaririnta tausayin da ita ba a nuna mata ba. Wallahi wasu suna yi, har su fi waɗanda suka tashi gaban iyayensu. Wasu kuwa abin yakan fi ƙarfinsu, sai ki ga ana cewa ba ta da tarbiyya, ba a tambayar wa ya zauna da ita ya koya mata.

Ƙungiyoyinmu suna ƙoƙari, ba a hana su yabo. Ana raba wa marayu kayan salla, ana raba hatsi da azumi. Sai dai buhun masara yakan ƙare kafin Babbar Salla, atamfa kuma ta koɗe. Abin da jaji take bayarwa wani abu ne daban. Ita mutum ɗaya ce sananniya, wadda ta san sunanki da gidanki, ta zo bana, ta dawo baɗi, in kin haihu tana nan, in an yi maki rasuwa tana nan. Wannan ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. A kowace unguwa akwai dattijai mata da suka aurar da 'ya'yansu, suna da lafiya, suna da karatu daidai gwargwado, suna zaune. Me zai hana kowane reshe ya zauna ya lissafa amaren unguwa da masu jegon da ba su da uwa a kusa, a haɗa kowace da dattijuwa ɗaya, da sanin mijinta da yardarsa? Ta riƙa leƙa ta ko sau ɗaya a mako, ta raka ta awo asibiti, ta tsaya mata a wankan jego, ta biya mata karatu, in rigima ta taso ta zama bakinta a gaban dangin miji. Mu kuma masu ƙananan yara da ba mu iya yawan fita, mu yi irin na matan da suke aika wa Asma'u zare da man shanu. Da kaka kowace ta fitar da tiya ɗaya ta masara ko waken suya a ajiye domin wannan aiki. Abu guda da zan ja kunne a kai shi ne amana. Dattijuwar da za ta ji sirrin yarinya da safe, da yamma a ji shi a gidan biki, gara ta yi zamanta a gida. Asma'u ba kowa take ɗora wa malfa ba.

Ƙarshen rayuwarta ya zo da rashe-rashe. Bello ya rasu a Wurno a 1837, sai ita da Giɗaɗo suka duƙufa wajen tattara tarihin Shehu da na Bello domin na baya. A 1842 ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a Wazirci. Giɗaɗo ya rasu a 1851, Abdulƙadir kuma a 1859, tana raye. Duk da haka ba ta daina karɓar ayarin mata ba, ba ta kuma daina rubutu ba, domin a 1861, tana dab da shekara 70, ta rubuta Dalilin Samuwar Allah da Hausa saboda masu fara koyon tauhidi. Mutanen Sakkwato suna kiranta Uwar Gari. Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

Aikin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta taɓa auren Sarkin Kano Ibrahim Dabo, uwarsu ɗaya da Isa, ita ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru. Turawa sun ci Sakkwato a 1903 amma ayarin mata bai yanke ba. Takardunta kuwa zuriyarta ta gidan Waziri ce ta adana su, har suka iso hannun Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd taskarsa, ta fitar da littafin tarihin Asma'u a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka buga rubuce-rubucenta a dunƙule. Da aka kafa FOMWAN a Minna a 1985, Hajiya A'isha Lemu tana Amira ta farko, mata da yawa sun kalli aikin a matsayin ci gaban abin da 'yar Shehu ta faro. Har a Amurka an sami Musulmi mata da suka kafa da'irar karatu suka sa mata suna 'Yan Taru. In Allah Ya kai ki Sakkwato, ki shiga Hubbare, za ki tarar da mata daga ƙauyuka sun zo ziyara ƙungiya ƙungiya, tsofaffi a gaba, 'yan mata a biye. Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da matan da suka riƙe ta, amin.